Danna Ɗaya, Ka Ci Gaba da Jira



Yau maganar waya za mu yi. Tsadar data da rashin sabis suna nan, za mu zo kansu wata rana. Abin da ke gabanmu yau shi ne muryar nan da ke amsawa idan ka kira kamfanin layinka ko bankinka ranka a ɓace. Kowa ya san ta. Murya ce mai laushi, ba ta fushi, ba ta gajiya, ba ta kuma jin ko kalma ɗaya daga abin da kake faɗa. Za ta yi maka maraba, ta ce in Turanci kake so danna ɗaya, in Hausa ce danna kaza. Ka danna. Sai ta ce in kana son jin garaɓasar wannan wata danna ɗaya, in data za ka saya danna biyu, in rancen kati kake nema danna uku. Kai kuwa duk ba wannan ya kawo ka ba, kuɗinka aka cire ba ka san na mene ne ba. Ka kasa kunne har ta kai tara, ba ta ambaci damuwarka ba. Ka danna sifiri ko Allah zai sa a dace, ta ce abin da ka danna ba daidai ba ne, ta koma farko, har da marabar.

In ka yi sa'a ka gano lambar da ke kai wa ga ɗan Adam, to yanzu aka fara. Kiɗa zai tashi. Can muryar ta dawo ta ce duk ma'aikata suna kan aiki, kiranka na da muhimmanci, ka ci gaba da riƙe waya. Kiɗa ya dawo. Kunne ya yi zafi, ka mai da wayar ɗaya kunnen. Ka sa ta a sifika ka ajiye kan tabarma, yara suna tambayarka ko biki ake yi. Batir na sauka, ga shi babu wuta tun jiya. Kana cikin haka sai ka ji ƙit, layi ya yanke. Ba wanda zai neme ka. In ka sake kira, daga maraba za ka faro.

Kafin a ce mai sharhi ya zo da ƙiyayyar na'ura, bari in ba ta haƙƙinta. Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin NITEL, lokacin da layukan waya a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, mutum ya yi shekaru yana bin takarda kafin a ja masa waya gida. Da wayar salula ta shigo a 2001, abin ya canza gaba ɗaya, yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar mutanen da za su riƙa gaya wa wannan jama'a ko nawa ya rage a layinsu. Na'ura ta fi dacewa da wannan, kuma tana yin sa da kyau. Tun 2023 ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta daidaita gajerun lambobi a kan kowane layi: 310 ka ga kuɗinka, 311 ka sa kati, 312 ka sayi data, 303 ka ci bashi, 300 ka kira masu kula da kwastoma. Ƙarfe biyun dare ka duba kuɗinka, ba ka tashi kowa daga barci ba. Madalla.

To amma ku gwada lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ku riƙe agogo. Wadda za ta karɓi kuɗi daga hannunka, kafin ka sauke numfashi ta gama. Rance? Ko rantsuwa ba a nema, nan take a ba ka, a yanke ladan tun daga sama. Waƙar nan da mai kiranka ke ji, wani lokacin kuskuren yatsa ya ishe ka ka shiga, kuma daga ranar za a riƙa zarar kuɗi duk mako ko duk wata ba tare da an sake tambayarka ba. Sai ranar da ka ce a mayar maka da abin da aka cira bisa kuskure, ran nan ne fasahar ke tsufa farat ɗaya, ta kasa gane ka, ta kasa gane Hausarka, ta ce ka jira. Kamfanin da ya iya gina hanyar karɓar kuɗi cikin daƙiƙa biyar ya san yadda ake gina hanyar mayarwa. Bai ga dama ba ne.

Na ce bai ga dama ba, kuma ba zargin banza nake yi ba. Jiran da kake yi a waya lissafaffe ne tun kafin ka kira. Akwai wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark mai suna Agner Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin wayar birnin Copenhagen. Tun a 1909, sannan a 1917, ya fitar da lissafin da ke nuna cewa in ka san yawan kiran da ke shigowa cikin awa guda, ka san tsawon lokacin da kowane kira ke ci, to za ka iya faɗin mutum nawa ya kamata su zauna bakin waya, da kuma tsawon jiran da mai kira zai yi in ka rage su. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har gobe da lissafin nan cibiyoyin amsa kira ke tsara ma'aikatansu. A sana'ar ma akwai wani ma'auni da aka daɗe ana yayatawa, cewa a amsa kashi 80 cikin 100 na kira kafin daƙiƙa 20. Saboda haka duk manajan da ke kula da irin wannan cibiya ya san abin da zai faru ranar Litinin da safe, ya san abin da zai faru ƙarshen wata in albashi ya shiga, ya san jajibirin salla. In muryar ta ce maka kira ya yi yawa fiye da yadda aka saba, kuma kullum haka take faɗa, safe da yamma, rani da damina, to ai yawan nan shi ne abin da aka saba. Wani ne ya zauna a ofis mai sanyi ya auna albashin ƙarin ma'aikata hamsin, ya auna minti ashirin na rayuwarka, ya ga naka ya fi araha, don ba shi zai biya ba.

Wani lokacin ma asiri kan tonu. A watan Fabrairun 2025, wata jaridar fasaha ta Birtaniya mai suna The Register ta bankaɗo cewa kamfanin HP, mai ƙera kwamfuta da na'urar buga takardu, ya sa dokar jiran dole na minti 15 ga masu kiransa daga Birtaniya da Ireland da Faransa da Jamus da Italiya. Murya za ta gaya maka kira ya yi yawa, ta ba ka shawarar ka je intanet ka nemi mafita da kanka. Manufar ita ce mutane su gaji su ajiye waya. Da labarin ya fita aka yi ca a kansu, cikin 'yan kwanaki suka janye. Abin da ya bambanta su da saura shi ne takardarsu ta cikin gida ta faɗa hannun 'yan jarida.

Kada kuma a ɗauka 'yan kasuwa ne kaɗai. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya fitar da rahoto a 2024 kan hukumar harajin ƙasar, ya ce in aka tara lokacin da mutane suka ɓata suna riƙe da waya suna jiran a amsa musu a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, ya kai shekara 798. Shekara, jama'a, ba awa ba. Mutanen da ke neman su biya haraji ke nan. Su aƙalla suna da wanda ya zauna ya ƙirga.

Mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo, wato banki. Ɗauki ɗan kasuwar hatsi da ya shigo kasuwar Dawanau da sassafe. Ya daidaita da mai kaya, ya je wurin mai POS ya miƙa kati a cire masa naira dubu ɗari biyu. Na'ura ta yi ta juyi, ta tofo 'yar takarda, an ƙi. Kafin ya mai da katin aljihu wayarsa ta yi ƙara, alat ya shigo, an zare kuɗin. Mai POS ya juyo masa da fuskar na'urar ya ce, “Alhaji, ka gani da idonka, wallahi ba su shigo min ba. Bankinka za ka kira.” Gaskiya ya faɗa. Mai hatsi na tsaye, direban da aka yi jinga da shi na danna ham, masu dako sun zauna kan buhuna suna kallo. Alhaji ya juya bayan katin ya karanto lambar da ke jiki, ya kira. Da yawa daga lambobin nan na bankuna ba kyauta ba ne, da katinka kake sauraron kiɗan. Murya ta ce ya shigar da lambar asusunsa. Ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar takarda, yana dannawa yana duba ta, kafin ya kai lamba ta bakwai murya ta ce lokaci ya ƙure. Ya sake. Wannan karon ya shiga layin jira. Kafin a ɗauka katin wayarsa ya ƙare.

Washegari zai bar kasuwa ya tafi reshen banki. Zai karɓi lamba a bakin ƙofa, ya zauna ƙarƙashin rumfa, in an kira shi a ba shi fom ya cika, a ce ya saurara nan da kwana kaza na aiki. Kwanan aiki kuwa ba ya haɗawa da Asabar da Lahadi da ranar hutu, amma cikin iyalinsa bai san wannan bambancin ba. Wanda ya ga watannin farko na 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka tura kowa taransifa alhali na'urorin bankuna ba su shirya ɗaukar wannan nauyi ba, ya san cewa labarin Alhajin nan labarin unguwa guda ne, ba na mutum ɗaya ba.

Abin da zai ba ku mamaki, doka tana gefen Alhaji. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba bankuna wa'adi. In ATM ɗin bankinka ne ya riƙe maka kuɗi, a mayar nan take, in na'ura ta gaza a yi da hannu cikin awa 24. In na wani banki ne, awa 48. In POS ne ko ciniki ta intanet, awa 72. Ƙa'ida ce rubutacciya. Amma muryar da ke maka maraba ba za ta taɓa karanta maka ita ba. Tana da lokacin tallata maka sabon asusu da bashin albashi, ba ta da daƙiƙa goma da za ta ce maka, “In kuɗinka sun maƙale a POS, haƙƙinka ne su dawo cikin kwana uku.”

A nan nake so mu tsaya kaɗan a kan yaron ko yarinyar da a ƙarshe ke ɗaukar wayar, don su ne ke shan zagin da ba su suka jawo ba. Ka yi minti ashirin kana tafasa, sai ka ji, “Barka da rana, da me zan taimaka?” Duk abin da ka tara sai ka juye mata. Ita kuwa tana zaune cikin wani dogon ɗaki da abin sauraro a kunne, gabanta allo, a kan allon akwai agogo yana ƙirga daƙiƙoƙin da ta yi da kai. A wannan sana'a ana auna ma'aikaci da matsakaicin lokacin da yake ci a kan kowane kira. In ta tsaya ta saurare ka da kyau, ta bi diddigin matsalarka, lissafinta ya lalace. An rubuta mata abin da za ta faɗa, ana naɗar muryarta don a ji ko ta kauce. Sau da yawa ma ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce kai tsaye, wani kamfani ne aka ba kwangilar amsa kira ya ɗauke ta. Mafi muni, ba a ba ta ikon warware komai ba. Tana ganin kuɗinka a allo sun maƙale, ba ta da maɓallin sakin su. Iyakarta ta rubuta, ta tura gaba, ta ce ka yi haƙuri. Shi ya sa take ta maimaita haƙurin, shi kaɗai aka ba ta ta raba. Wanda ya yanke hukuncin ba ya ɗaukar waya, ba ka san sunansa ba, kuma an tsara abin ne yadda ba za ka taɓa saninsa ba.

Ku kwatanta da Kantin Kwari. Ka sayi shadda, ka je gida ka warware ka ga tabo a tsakiya. Ka dawo. Mai shago ya san fuskarka, ko bai sani ba zai ce ka zauna, a kawo ruwa. Zai duba, ya yi 'yar gardama don kada a ce ya faɗi da sauƙi, daga ƙarshe ya canza maka ko ya rage maka wani abu. In ya taurare akwai maƙwabcinsa da zai ce, “Haba Alhaji, a duba mana.” In abin ya fi haka akwai shugabannin kasuwa. Mai shagon ba waliyyi ba ne, yana da fuska ne a kasuwar, gobe ma nan zai buɗe, kuma kunya na yi masa aikin da doka ba ta yi ba. Muryar na'ura an kawo ta ne daidai wurin da kunya take zama. Ba ta da maƙwabci, ba za ka haɗu da ita a masallaci ko wurin ɗaurin aure ba.

Yanzu kuma an shigo sabon yayi. Ka buɗe manhajar banki ko WhatsApp, sai ga wani abu da sunan mutum, har da hoton murmushi, ya ce shi ne mataimakinka. Ka rubuta masa damuwarka dalla-dalla, ya ba ka zaɓi biyar da ba su shafe ka ba. Ka ce mutum kake nema, ya ce bai gane ba, ko za ka sake faɗa ta wata hanya. Waɗanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira sun fi iya zance, sai dai suna da nasu ciwon, sukan faɗi abin da babu shi da cikakken ƙarfin hali. A Kanada wani mutum da kakarsa ta rasu ya tambayi irin wannan mataimaki a shafin kamfanin jirgin Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza. Na'ura ta ce ya sayi tikiti, daga baya ya nemi a mayar masa da rangwamen cikin kwana 90. Ya saya. Da ya nema, kamfani ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda da haka ba. Aka je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya kawo hujjar da ta ba duniya dariya, wai na'urar ita ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce abin da ke shafinka naka ne, ta sa aka biya mutumin dalar Kanada 800 da 'yan kai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hujjar da kamfanin ya kawo ta fallasa abin da ake nema tun farko: a sami wani abu da zai tsaya tsakaninka da mai alhaki, wanda ba a iya kai shi ƙara.

Wani kamfanin hada-hadar kuɗi na Sweden, Klarna, ya yi ta bugun ƙirji a farkon 2024 cewa na'urarsa na yin aikin ma'aikata 700. Shekara guda da 'yan watanni, shugaban kamfanin da bakinsa ya amsa cewa sun bi araha har inganci ya faɗi, za su koma ɗaukar mutane. Waɗannan fa da harsunan Turai suke aiki, waɗanda na'urorin suka fi ƙwarewa a kai. Ina ga tsohuwar da ke ƙauyen Gumel ko Illela, wadda ɗanta ke turo mata kuɗin cefane daga Legas, ba ta karatun boko, wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓalli? In aka ce mata ta sauke manhaja ta tura saƙon imel, an dai kore ta ne cikin ladabi.

To ina mutanen da aka kora suke zuwa? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don amsarta ce ke cinye dukiyar talakawa. Suna zuwa wurin duk wanda zai saurare su. Wani ya miƙa wa yaron shagon cajin waya katinsa da lambar sirrinsa ya ce ya duba masa. Wani ya hau Facebook ko X ya rubuta kukansa a ƙarƙashin shafin bankin, cikin minti biyu sai ga saƙo daga wani shafi mai tambarin bankin sak, yana ba shi haƙuri, yana cewa ya turo lambar waya a kira shi. Kuma a kira shi ɗin. Wani ma yana zaune za a kira. Ku saurari yadda ɗan damfara ke magana. Zai yi sallama cikakkiya. Zai ce, “Baba, ina wuni, ya iyali, ya kasuwa?” Hausarsa garau, ba ya sauri, ba ya sa maka kiɗa. Zai kira sunanka, ya ce daga babban ofis yake, an ga matsala a BVN ɗinka, in ba a gyara yau ba za a rufe asusun. Zai jira ka ka shiga ɗaki ka ɗauko katin, ka nemo tabarau. In ka yi kuskuren lamba ya ce, “Ba komai Baba, a hankali, sake karantowa.” Sannan ya ce wasu lambobi za su shigo wayarka yanzu, ka karanto masa. Kana gama karantawa an kwashe.

Duk abin da dattijon nan ya yi marmarin samu daga bankinsa, gaisuwa, haƙuri, harshensa, mutum mai saurare, ɓarawo ne ya ba shi. Bankuna na ta aiko da saƙo cewa ba za su taɓa tambayarka lambar sirri ko lambobin nan na wucin gadi ba, kuma gaskiya ne, ku riƙe wannan da kyau, duk wanda ya tambaye ku su a waya ɓarawo ne ko da ya ambaci sunan kakanku. Amma gargaɗi ba ya cike gurbin da aka bari. Kuma in an yi satar, daidai lokacin da kowane minti ke da tsada, lokacin da kira ɗaya zai iya sa a toshe asusu kafin kuɗin su bar shi, wanda aka zalunta zai kira bankinsa ya ji an ce don Turanci danna ɗaya. Bankuna da dama suna da gajeriyar lambar da mutum zai danna ya kulle asusunsa da kansa ko daga wayar wani. Ku je ku tambayi ta bankinku tun kafin ranar buƙata, ku rubuta ta a takarda ku ajiye a gida, kada ku bar ta cikin wayar da za a iya sacewa.

Akwai 'yan hanyoyi da doka ta tanada, kuma rashin saninsu na ƙara wa kamfanoni ƙarfin gwiwa. Duk lokacin da kuka kai ƙorafi, a waya ne ko a ofis, kada ku tashi sai an ba ku lambar ƙorafin. Ku rubuta ta, da ranar, da sunan wanda ya amsa. Ba tare da ita ba, gobe za a ce ba a taɓa jin maganar ba. In kamfanin layi ne ya yi biris, a kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su nemi lambar nan. In saƙonnin talla ne suka addabe ku, a tura STOP zuwa 2442. In banki ne, yawancin ƙorafe-ƙorafe mako biyu aka ba shi, in ya wuce a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Akwai kuma hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye gaba ɗaya. Ba na ce da kun kira za a share muku hawaye kafin la'asar ba. Amma ƙorafin da ya shiga rajistar hukuma yana da nauyin da zagin da aka yi wa yarinyar amsa kira ba shi da shi.

Sai dai kada nauyin ya ƙare a kan mai kira. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, aka ce dizal ya yi tsada, dala ta tashi, kuma za a ga ingancin aiki. Jama'a sun biya, don ba su da zaɓi. To amsa waya ma aiki ne. A Sifaniya tun 2022 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin da ya ce manyan kamfanoni su amsa kira cikin minti uku, kuma duk wanda ya ce mutum yake son magana da shi, dole a haɗa shi da mutum. Ba wani abin al'ajabi ba ne, lissafin Erlang ɗin nan dai za a ɗauko a ƙara kujeru.

Ni abin da nake nema daga NCC da CBN bai kai haka wuya ba. Kowane kamfanin layi da kowane banki yana da alƙaluman nan a kwamfutarsa: kira nawa ya shigo, minti nawa aka jira, mutum nawa suka gaji suka ajiye, nawa layi ya yanke musu. A tilasta musu su fitar da su duk wata, a buga a jarida, mu kuma mu karanta muku a wannan tasha da sunan kowa, na ɗaya har na ƙarshe. A sa doka cewa a jerin farko na kowace murya akwai lamba guda da ke kai mutum ga ɗan Adam, kuma zaɓin “an sace min kuɗi” ya zo kafin kowace talla. Kiran banki don kai ƙorafi ya zama kyauta. In layi ya yanke a tsakiyar magana, su ne za su sake kira, ai lambarka na gabansu, da ita suke turo maka tallar bashi ƙarfe shida na safe.